Howard Cook, mai zanen da garin Tasko ya koya wa kallon fuskokin mutane

Yau dai ba zancen yajin aiki ko tsadar data na zo maka da shi ba. Labarin wani Ba'amurke ne mai suna Howard Cook, wanda ya bar duniya fiye da shekaru 20 kafin a haife ni, kuma na san da wuya in ka taɓa jin sunansa. Ni ma ban san da shi ba sai a zangon karatun da ya wuce, lokacin da aka ba mu aikin gida a kan yadda jaridu da mujallu ke sa hoto kafin kyamara ta zama ruwan dare. Ina cikin lalube a intanet sai na ci karo da fuskar wata yarinya 'yar ƙasar Meksiko, baƙi da fari. Na ɗauka da alƙalami aka zana ta. Ashe a jikin katako aka sassaƙa, aka shafa tawada, aka danna a takarda. Tun daga ranar nake bin diddigin wanda ya yi aikin.

Bari in fara yi maka bayanin sana'ar tukuna, domin in ba ka san wahalarta ba, ba za ka gane mutumin ba. Ka san masu sassaƙa hatimi? Ka lura cewa rubutun da ke jikin hatimi a juye yake, sai an buga shi a takarda yake miƙewa. To haka wannan aikin yake, sai dai ya fi shi ɗan karen wuya. Ana samo itace mai tsananin tauri, a yanka shi a gicciye kamar yadda mai rake ke yanka gunduwa, a goge fuskar har ta yi sumul kamar madubi. Sai mai zane ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini, kusan kamar basillar baduku, ya riƙa ƙwaƙule layuka ɗaya bayan ɗaya. Duk inda ya ƙwaƙule tawada ba za ta taɓa wurin ba, nan ne zai fito fari. Inda ya bari kuma shi ne baƙi. Wato dai haske yake tonowa daga cikin duhu, kuma komai a juye, dama ta koma hagu. Babu abin gogewa, babu maɓallin komawa baya irin na wayarka. In hannu ya zame, gyaran sai an sha wuya, wani lokaci ma sai dai a nemi sabon katako.

Wani Bature ɗan Ingila, Thomas Bewick, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828, shi ya kai wannan fasaha matsayin da aka san ta. A ƙarni na 19 kuwa da ita jaridu ke rayuwa, saboda ana iya ɗaure katakon a gefen haruffan ƙarfe a buga su gaba ɗaya a injin ɗab'i. Jaridar Illustrated London News da aka kafa a 1842 da irin waɗannan hotuna ta yi suna. Amma kafin ƙarnin ya ƙare an gano yadda za a buga hoton kyamara kai tsaye, sai kasuwar masassaƙan jarida ta mutu murus. Ka ga ke nan lokacin da Cook ya kama aikin, sana'a ce da zamani ya riga ya wuce da ita, masu zane ne kawai suka riƙe ta don sha'awa.

An haifi Howard Norton Cook a ranar 16 ga Yuli, 1901, a garin Springfield na jihar Massachusetts. Da ya gama sakandare ya tafi New York ya shiga makarantar koyon zane ta Art Students League. Bai daɗe a zaune wuri ɗaya ba. Yana da shekaru ashirin da 'yan kai ya kama yawon duniya: Turai, Arewacin Afirka, Turkiyya, Gabas mai Nisa, Amurka ta Tsakiya. Abin da yake ci da shi kuwa shi ne zanen abin da ya gani yana sayar wa mujallu irin su Forum da Century. A yaren ajinmu, ɗan jarida ne mai zaman kansa, sai dai fensir ne kyamararsa.

A 1926 mujallar Forum ta tura shi jihar New Mexico, a kudu maso yammacin Amurka, don ya yi zanukan katako da za su raka wani labari na marubuciya Willa Cather da za a riƙa bugawa kashi-kashi. Aiki ya je yi, sai ya dawo da mata. A garin Taos ya haɗu da Barbara Latham, ita ma mai zane ce, ita ma 'yar Massachusetts, kuma ta girme shi da shekaru 5. Suka yi aure a 1927. Daga nan duk inda za ka ji Cook ya je, to da Barbara aka je, kowa da allon zanensa. A 1929 suka yi zaman Paris, inda ya ƙara koyon bugun zane a kan dutse.

Sunan da ya fara yi kuwa a kan birnin New York ya yi shi. A daidai wannan lokaci birnin na tseren gina dogayen benaye. An gama ginin Chrysler a 1930, na Empire State a 1931. Cook ya zana waɗannan gine-gine da gadoji da tashoshin jiragen ruwa, wasu a katako, wasu a ƙarfe, wasu a dutse, kuma wani dillalin zane mai suna Carl Zigrosser na gidan baje kolin Weyhe ya tsaya masa yana tallata aikin. In ka kalli zanukan nan za ka ga haske na tsage duhu kamar walƙiya, gini ya miƙe sai ka ce zai huda takardar. Har gobe su ne masu tara zane suka fi rububi a cikin ayyukansa.

Amma akwai abin da na lura da shi bayan na jera su a allon kwamfuta ina kallo. Mutane ba su da yawa a ciki. Inda suke ma, ɗigo-ɗigo ne a gindin gini kamar tururuwa. Birni mai miliyoyin jama'a, a lokacin da kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoban 1929, mutane na layin karɓar abinci kyauta, amma idon saurayin nan yana can sama wajen siminti da ƙarfe. Ba laifi nake ɗora masa ba. Matashi ne, abin da ya burge shi ya zana, kuma shi ke kawo kuɗi. Mu ma ai in muka shiga babban birni, gadar sama muke fara ɗauka mu ɗora a Facebook, ba mai facin tayan da ke ƙarƙashinta ba.

A 1932 ya samu tallafin gidauniyar Guggenheim, wadda wani attajiri Simon Guggenheim da matarsa suka kafa a 1925 don tunawa da ɗansu da ya rasu. Tallafi ne da ke ba mutum damar ajiye neman abinci na wani lokaci ya zurfafa a fanninsa. A shekarun da aikin yi ya yi ƙaranci a Amurka har kusan mutum ɗaya cikin huɗu na zaune, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce. Mai hankali zai ce ya zauna a New York ya ci gaba da abin da ya karɓe shi. Shi kuwa sai ya ce zanen bango yake son koya, aikin da bai taɓa yi ba, ya kama hanyar Meksiko.

Me ya sa Meksiko? Bayan juyin juya halin da ƙasar ta shiga daga 1910 zuwa wajen 1920, gwamnati ta buɗe wa masu zane bangwayen ma'aikatu da makarantu, don talakan da bai iya karatu ba ya ga tarihinsa da idonsa. Diego Rivera da José Clemente Orozco da David Alfaro Siqueiros su ne manyan da suka yi fice. Manomi da ma'aikacin haƙar ma'adinai da mace mai niƙa masara suka hau bango da girmansu, wurin da a da sai sarakuna da waliyyan coci. Labarin ya game Amurka, matasan masu zane suka riƙa kwarara kudu don su gani.

Garin da Cook da Barbara suka sauka ana rubuta shi Taxco, amma Tasko ake furtawa. Duk lokacin da na faɗi sunan sai kalmar taska ta faɗo mini, kuma ta dace da shi, don garin azurfa ne. Yana jihar Guerrero, kimanin kilomita 170 kudu maso yamma da birnin Meksiko, a maƙale a jikin dutse, kusan mita 1,800 sama da teku. Gidajen farare ne da jan rufi na gasasshen yumɓu, wani a saman wani, ƙofar wannan tana daidai da rufin maƙwabcinsa. Lungunan an shimfiɗa musu duwatsu, suna hawa suna sauka suna murɗewa. A tsakiya akwai cocin Santa Prisca mai hasumiya biyu, wadda wani attajirin haƙar azurfa, José de la Borda, ya gina da kuɗinsa daga 1751 zuwa 1758. Bayan zamaninsa arzikin ya ja baya, garin ya yi barci na tsawon lokaci, har sai da hanyar mota daga birnin Meksiko zuwa bakin teku a Akapulko ta ratsa ta wajen a ƙarshen shekarun 1920.

Hanya kuwa ita ke kawo baƙi. Wani Ba'amurke malamin zanen gine-gine, William Spratling, ya tare a garin a 1929, kuma a 1931 ya ɗauko maƙeran farfaru daga garin Iguala ya buɗe maƙerar kayan ado na azurfa, abin da ya zama sana'ar garin har yau. Siqueiros ɗin da na ambata, a 1931 yana Tasko ne cikin ɗaurin talala bayan gwamnati ta sako shi daga kurkuku saboda siyasarsa, kuma a nan aka buga wasu zanukansa na katako guda 13. Wani ɗan Japan, Tamiji Kitagawa, ya jagoranci makarantar koya wa yaran garin zane a fili daga 1932. Ƙaramin gari ne, amma ka ji irin mutanen da ya tara.

A nan ne Cook ya zauna daga 1932 zuwa 1933, kuma a nan ne idonsa ya sauko daga sama. Abin mamakin shi ne, in gini yake nema, Tasko ta ishe shi. Rufi a kan rufi, hasumiya, inuwa mai kaifi ta rana a kan farin bango, duk abincin mai sassaƙa katako ne. Ya zana garin kam. Amma abin da ya cika takardunsa shi ne mutane: mata lulluɓe da mayafi a kasuwa, tsofaffi, yara, iyali a cikin ɗaki, cunkoson ranar biki. Ya yi zanen fuskoki masu yawa, mutum na zaune a gabansa yana kallonsa. Ka yi tunani a kan wannan. Gini ba ya gajiya, ba ya jin kunya, ba ya tambayar ka me za ka yi da hotonsa. Mutum kuwa sai ya yarda da kai kafin ya zauna maka, kuma zaman ba na daƙiƙa ɗaya ba ne irin na kyamara.

Gaskiya ita ce, yawancin abin da ya buga daga wannan zama ba a katako ya yi su ba, a farantin ƙarfe ya yi, irin wanda ake shafa wa kaki, a karce zanen, a tsoma a ruwan asid ya cinye layukan. Wannan hanya tana ba da toka-toka mai laushi da ta dace da fatar mutum da hayaƙin ɗakin girki. Amma bai ajiye ƙarfen sassaƙarsa ba. Yarinyar nan da na fara gani, a katako ya yi ta a 1932, kuma in ka ƙura mata ido za ka ga hannun da ya saba yanka layin gini a miƙe sambal ya koyi lanƙwasa shi ya bi kumatu da goshi. Ni a wurina wannan shi ne babban abin da ya faru da shi a Meksiko.

Zanen bangon da ya kai shi ma ya koya. Wannan aikin, ana shafa ɗanyen shafe na farar ƙasa da yashi a bango, a zana da launi tun bai bushe ba, sai launin ya shige cikin bangon ya zama jiki ɗaya. Iya abin da za ka gama a yini shi za ka shafa. In ya bushe kafin ka gama, ko ka yi kuskure, sai dai a farfashe wurin a sake. Ka ga dai mutumin nan kamar yana neman aikin da ba a gogewa ne da gangan. Na farko da ya yi a rayuwarsa a wani otal ne na Tasko mai suna Taxqueño, kuma bikin gari ya zana.

To ga inda nake da ja da shi, kuma ga inda abin ya dawo kaina. A ƙasan zanen da ya buga za ka ga sa hannunsa da fensir. Amma da dama daga cikin mutanen da suka ba shi fuskokinsu, sunan garinsu ko jiharsu kawai suka samu. Wannan Yarinyar Akapulko, waccan Matar Guerrero. Shi ya koma gida da suna da lambobin yabo, su kuma suka zama misalin wata al'umma. A ajin ɗaukar hoton jarida an koya mana cewa hoton mutum ba ya cika sai da sunansa a ƙasa. Na haddace wannan, na rubuta a jarrabawa. Amma bara na je wata kasuwar ƙauye na ɗauki wata tsohuwa mai sayar da daddawa, hoton ya yi kyau, na ci maki mai yawa, abokai suka yi ta yabo. Ban tambaye ta sunanta ba, ban koma na nuna mata ba. Abin da na rubuta a ƙasa shi ne, wata mai daddawa. Cook aƙalla ya zauna da mutanensa wata da watanni, ya zana su da mutunci, ba tare da ya mai da talaucinsu abin kallo ba. Ni minti biyu na yi na hau babur.

Da ya koma Amurka bai koma wa benaye kamar da ba. A 1934 gidauniyar ta sake ba shi tallafi, sai shi da Barbara suka shiga mota suka ratsa ƙauyukan kudancin ƙasar, jihohi irin su Kentucky da Alabama da Texas, yana zana manoma, mazauna tsaunuka, masu goge a wajen gasa, da baƙaƙen fata a wuraren aikinsu da ibadarsu. Abin da ya koya a ƙasar wasu ya zo ya yi a tasa. Daga baya suka kafa gida a Talpa, kusa da Taos.

A lokacin gwamnatin Shugaba Roosevelt ta fito da shirin ba masu zane aikin ƙawata gine-ginen gwamnati, kusan kwaikwayon abin da Meksiko ta yi. Nan koyon da ya yi a Tasko ya biya shi. Ya yi zanen ma'aikatan narka ƙarfe a ginin kotun tarayya da ke Pittsburgh a 1936, wanda ya jawo masa lambar zinariya ta ƙungiyar masu zanen gine-gine ta New York a 1937. Sannan ya yi babban aikinsa a gidan waya na San Antonio da ke Texas, tarihin yankin a kashi 16, ya kammala a 1939. Duk jikin bangon mutane ne cunkus. Wanda a da yake mai da ɗan Adam ɗigo, yanzu sai ya ɗaga kai yake kallon mutanen da ya zana.

Yaƙin Duniya na Biyu ma bai bar shi ba. A 1943, yana da shekaru 41, rundunar sojin Amurka ta naɗa shi jagoran wata tawagar masu zane da aka tura kudancin tekun Fasifik. Ya bi sojoji har saukar da suka yi a tsibirin Rendova na tsibiran Solomon, a tsakiyar wannan shekara. Ana cikin haka majalisar dokokin Amurka ta yanke kuɗin shirin, ta ga kamar ɓarna ce a biya masu zane ana tsakiyar yaƙi. Sai ya ci gaba a matsayin wakilin mujallar Collier's. Zanukansa na yaƙi ba na jarumta da ɗaga tuta ba ne. Samari ne a cikin taɓo da ruwan sama, a gajiye, a tsorace, sun duƙunƙune a ramukan ɓuya.

Bayan yaƙi ya fi karkata ga fenti, yana zana tsaunukan New Mexico da raye-rayen 'yan asalin yankin, salon nasa na ƙara nisa da zahiri. Ya koyar a jami'o'i nan da can. A 1967 ya zama na farko da aka gayyata a shirin zaman masu zane na garin Roswell. Bugun zane, wanda ya fara yi masa suna, ya zama tarihi a wurinsa, duk da cewa kundin da aka tattara a 1984 ya lissafa masa sama da guda 200.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa mai nauyi ga mai sana'ar hannu. Cutar nan da ke lalata jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da MS, ta kama shi, ta riƙa cin ƙarfinsa sannu a hankali. Suka bar gidansu na Talpa, daga baya suka tare a Santa Fe, inda ya rasu a ranar 24 ga Yuni, 1980, saura makonni uku ya cika shekaru 79. Barbara ta rayu bayansa har 1989, kuma ita ce ta ba gidan adana zane na Smithsonian da ke Washington tarin ayyukansa masu yawa.

Gidan ya ɗora da dama daga cikinsu a shafinsa na intanet, kyauta. In kana da ragowar data, rubuta sunansa tare da Taxco, da harafin x ɗin nan. Ka fara da benayen New York, sannan ka wuce zuwa na 1932 da 1933. In ka zo kan na katako, ka sa yatsu biyu ka buɗe hoton sosai har layukan su rarrabu, ka gwada ƙirga na kumatu ɗaya kawai. Ni na kai arba'in da wani abu idona ya fara ruwa na haƙura.

Ranar Asabar mai zuwa kasuwar ƙauyen nan ke ci. Na riga na wanko hoton a takarda, yana cikin jakata.